Maigadin da Ya Cinye Wuri

Rana ta yi ja, masu shaguna na ta jan ƙofofinsu, ni kuma na juyo na nufi nawa da sabon filas, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta a kwafi fayil, a tafin hannu. Abu ɗaya na je yi, in kwafo muryar Inna daga kwamfutar shago in wuce gida. Aikin da bai kai a tafasa ruwan shayi ba. Raina kuwa a ɓace yake tun safe, duk wanda ya gaishe ni a hanya sai da ya yi da-na-sani.

Shagon hoto gare ni. Ina ɗaukar fasfo, ina wanke hotuna, ina haɗa bidiyon taro. Barkono ake kirana. Inna ce ta laƙaba min tun ina rarrafe, kuma ban taɓa ba ta kunya a kan sunan ba. Takan dube ni ta ce, "Ke dai kanki fanko ne, komai naki a baki ya taru." In na kumbura sai ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta.

Da ciwonta ya yi tsanani, yayana yana can nesa wurin aiki. Kullum yana hanya, kullum sai ƙarshen wata. Ni na yi jinya, ni na wanke, ni na juya ta a gado. Da ta ga alamar ba za su gana ba, ta ce in kawo waya ta bar masa magana. Na naɗa. Bayan rasuwarta na zuba maganar a kwamfutar shago, wayar kuma ta faɗa bokitin wanki ta mutu murus. Ya zama kwafi ɗaya ya rage a duniya. Yaya ya yi ta roƙo in tura masa, na ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan tura ba. Wanda bai zo ya ji ta da rai ba, ya tako da ƙafarsa ya ji ta a gabana. Har gobe ban ga laifina a nan ba. To ga shi ya bugo ya ce da safe zai iso, wannan karon har ya hau mota.

Ana haka kwamfutar ta ce ita ma sai ta nuna min nata halin.

Akwai wata manhajar tsaro da wani ɗan kwalisa mai jakar hannu ya zo ya ɗora min, yana rantsuwa ko ƙuda ba zai shiga kwamfutata ba. Maigadi muke ce wa abin. Aikinsa ya kama bairos da duk wani mugun abu, ya kulle a wani fayil nasa. Da fari lafiya lau. Daga baya layin nan mai nuna cikar faifan ajiya ya tashi daga shuɗi ya koma ja, wani ɗan akwati ya riƙa faɗowa a fuskar kwamfuta yana cewa babu wuri. Na goge tsofaffin bidiyon mutane. Gari ya waye, ja. Na goge hotunan da masu su ba su dawo sun karɓa ba. Gari ya waye, ja. Mai son hoto yana tsaye yana jira, kwamfuta tana tunani kamar wadda aka tambaya sunan kakan kakanta, ni kuma ina zuba mata ashar.

Na kira mai gyara, wanda duk layin ke ce wa Injiniya. Ya gyara tabarau ya yi ta tone-tone, can ya ja tsaki.

"Hajiya, ba hotunanki ne suka cika ta ba. Kin ga wannan fayil ɗin? Kurkukun Maigadi ne. Duk abin da ya kama, nan yake jefawa. Na kowa bai fi ƙwayar shinkafa ba, naki ya zama buhu."

"To ka goge shi mana, ko kallonsa na kira ka ka yi?"

Ya goge. Washegari fayil ɗin ya dawo, ya fi na jiya ƙiba. Ya zare wayar intanet gaba ɗaya, ya ce yanzu ba ta inda wani abu zai shigo. Washegari ya ƙara ƙiba. Ya yi ƙoƙarin cire Maigadin kansa, abin ya nemi kalmar sirri, ɗan kwalisan da ya sa ta kuma lambarsa ta daina shiga tun tuni. Allah ya isa tsakanina da shi, duk inda yake.

"Abin da ban gane ba," in ji Injiniya yana sosa ƙeya, "me yake kamawa, tunda ba abin da ke shigowa?"

Telan da muke haɗa bango da shi, dattijo ne mai jinkirin tashi daga aiki, ya leƙo ya ce in riƙa kashe na'urata kafin in tafi, don da almuru gurnaninta har cikin shagonsa yake ji. Na ce masa ya ba ni wuri, da hannuna nake kashe ta kullum. Kalmata ke nan. Mai ciniki ya cika surutu, ba ni wuri. Maroƙi ya tsaya a ƙofa, ba ni wuri. Ko Inna ta sha ji, Allah ya jiƙanta.

Ranar da nake ba ku labari, Injiniya ya dawo da hantsi ya duba, fuskarsa ta canza. Ya ce Maigadi ya rasa inda zai zuba, ya koma haɗiye fayilolina, kuma daga tsofaffi yake farawa. In faifan ya cika maƙil, kwamfutar ba za ta sake tashi ba, sai an wanke ta tas. Na zaro filas a aljihun tebur zan kwafe muryar Inna, Maigadi ya tofar da shi, wai ƙazami ne. Na sa wani, haka. Na jona sabuwar wayata, haka. Injiniya ya ce duk abin da ya taɓa shiga wata na'ura ba zai karɓa ba, sai dai sabo fil. Ya ce in yi haƙuri zuwa safe ya zo da kayan aiki ya zare faifan. Safe? Abin da ke cin fayil kowane almuru zan bar wa muryar uwata ta kwana a bakinsa? Na kashe kwamfutar, na rufe shago, na tafi neman sabon filas. Wannan ya ƙare, wancan jabu ne, na uku muka yi cacar baki da mai shi har mutane suka taru. Kafin in dawo rana ta tafi.

Na ɗaga ƙofar ƙarfen zuwa ƙuguna, na sunkuya na shiga.

Zafi ya fara tarbata. Ba zafin rufaffen shago ba, na san wannan. Zafin ɗakin da mutane suka cunkushe a ciki ne, da warin gumi, da hucin baki, da wani ƙauri kamar na gashi a wuta. Na danna makunnin fitila. Ta yi ƙyaf ta mutu.

Amma akwai haske. Kwamfutar a kunne take.

Da hannuna na kashe ta, na ma zare filoginta rabi. Ga ta nan tana haska shuɗin labulen da nake ɗaukar fasfo a gabansa, da kujerar da ake zama, da lemar fitila. Fankarta tana gurnani. Daga cikin akwatinta wani ƙas ƙas ƙas ke fitowa, kamar ana sosa kwano da farce.

Tsoro ya zo, fushi ya ture shi. Na ja kujera na zauna, na yage takardar filas da haƙori, na soka. Maigadi ya yi shiru, ya karɓa. Na kama maus na nemo foldar da na sa wa suna Inna, na ja ta na jefa cikin filas. Ɗan koren layi ya fito, ya fara rarrafe.

Na juya don in share gumi, idona ya faɗa kan madubin da masu zuwa hoto ke gyara hula da ɗankwali. Ya yi hazo gaba ɗaya. Ruwa na gangarowa a jikinsa, irin wanda numfashi ke bari.

Sannan na ji.

"Matsa."

A hankali, daga sifika. Sifikar da na cire wayarta tun watan jiya.

"Matsa can."

"Ina zan matsa?"

"Ka take min hannu."

Muryoyi ne da yawa, ƙasa-ƙasa, na maza da na mata da wasu da ba na kowa ba. Can ƙarƙashinsu wani abu ƙarami yana kuka a shaƙe, kamar an toshe masa baki da tsumma.

Na so in yi a'uzu. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Amma da na buɗe baki don masifa, sai ya saki.

"Su wane ne a nan?"

Ƙas ƙas ɗin ya tsaya.

"Masu wucewa," in ji wata murya ta tsoho, a bushe. "Hanyarmu ce nan tun ba a yi bango ba. Da almuru muke bi. Maigadinki ya tare mu."

"Kullum yana ƙaro wasu," in ji wata.

"An matse mu."

"An matse mu."

A fuskar kwamfuta foldoji suka fara ɓacewa. Hotunan ranar da na buɗe shago, fit. Hotunan yaran maƙwabta, fit. Ɗaya bayan ɗaya, daga sama suna gangarowa. Tsofaffin da ke gaban ta Inna yawancinsu ni na goge su da hannuna a kwanakin baya, don haka ba su da yawa. Koren layin bai kai ko rabi ba.

"Ku ba ni wuri!" na daka musu tsawa, har maƙogwarona ya yi zafi.

Sai dariya. Ba ƙara, wata shasshaka ce kawai, kamar ana jan buhu a siminti.

"Wuri, in ji ta."

"Ke ke da wuri."

"Ba mu."

Na sunkuya na fizge filogin daga bango, na yi jifa da shi. Kwamfutar ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

A bayana ƙofar ƙarfe ta fara sauka. A hankali. Ƙiii. Hasken titi ya yi ta kankancewa a ƙasa har ya koma zare, ya ɗauke.

Labulen fasfo ya motsa. Ba iska a ɗakin. Ya kumbura nan, ya kumbura can, ga shacin kafaɗa, ga shacin goshi, ga tafin hannu mai yatsu masu tsawon da bai kamata ba. Tsakanin labulen da bango ko kyanwa ba za ta iya tsayawa ba.

Akwatin Maigadi ya faɗo a tsakiyar fuskar kwamfuta, ja wur. Wai ya kama mugun abu. A ƙasa ya rubuta sunan mugun abin.

Inna.

Nan idona ya rufe. Uwata? Matar da na wanke da hannuna, na saurari numfashinta yana ja da baya, ita ce wata tsinanniyar na'ura za ta kira mugun abu, ta jefa cikin waɗannan su tattake? Na miƙe tsaye, kujera ta kife.

"Wallahi ba ku isa ba! Ku sakar min wannan! In wuri kuke nema, ga kaina nan, ai an ce fanko ne, ku zo ku cika!"

Baƙar magana ce, irin wadda nake yaɓa wa mutane kullum su yi tsaki su wuce. Ko yaro ya san ba gayyata ba ce.

Fanka ta tsaya.

Kukan ƙaramin ya tsaya.

"Ta faɗa," in ji tsohon.

"Da bakinta."

"Mun ji."

Jan akwatin ya ɓace. Koren layin ya zabura da gudu. Layin faifai ya fara ja da baya, ja yana komawa shuɗi.

Sanyi ya shiga kunnena na hagu, kamar ruwan wanka.

Ya ci gaba da shiga.

Labulen ya riƙa lotsawa, shaci bayan shaci, wani abu yana wucewa ta gefen fuskata yana huci. Kaina ya yi nauyi. Ƙeyata ta ɗau zafi. Na ji ana ture-ture a bayan idona, ana jan abubuwa ana kawar da su, kamar masu tarewa a sabon gida.

"Ya isa!" na ce. "Ya cika!"

"Da saura," aka amsa. Wannan karon ba daga sifika ba.

Koren layin ya kai ƙarshe. Na fizge filas, na cusa a baki na datse da haƙori, na toshe kunnuwana da hannu biyu. Na zube ƙasa. Na ja gwiwa zuwa ƙofa.

Na buga da goshi.

Na buga da ƙafa.

Wani abu mai laushi yana laluben tsakanin yatsuna, yana neman kafa.

Ƙarfen ya yi ƙara ya ɗaga. Hasken titi ya watso, hannu ya kama wuyan rigata ya finciko ni waje kamar buhu. Tela ne, da tef a wuya, yana haki yana salati. Ya ce ƙofar ba a kulle take ba, da yatsa biyu ya ɗaga ta. Ya ce ya ji ina faɗa ya ɗauka mai ciniki ne, sai da ya ji ana amsa min da muryoyi barkatai, kuma duk ta bakina suke fitowa. Ya leƙa shagon. Duhu ne, kwamfuta a mace, filogi a ƙasa.

Na tofo filas ɗin a tafin hannuna, da jini a jikinsa. Ban ce masa ya ba ni wuri ba.

Da safe Injiniya ya zo da jakar kayan aiki, ya jona ya kunna. Kwamfutar ta tashi garau kamar ranar da aka saye ta. Fayil ɗin Maigadi ya koma ƙwayar shinkafa. Faifai shuɗi, wuri har da na banza. Ya washe baki ya ce, "Hajiya, me kika yi mata? Ki koya min, wallahi da shi zan ci abinci." Na ce ya kwashe ta ya fitar min da ita daga shago, ya kuma tabbata ba wanda ya ƙara kunna ta a layin nan.

Yaya ya iso da hantsi, ya rame, furfura ta fito masa. Na yi tanadin maganganu na wata da watanni da zan zuba masa, na neme su a bakina na samu rabi. Muka zauna a falo. Ya soka filas a tasa kwamfutar, ya danna.

Wata tsohuwa ta fara magana. Muryarta siririya, tana ja tana hutawa, tana tari a tsakani. Ta ce ta yafe masa, kada ya sa wa kansa damuwa, hanya ce ta yi nisa. Yaya ya kifa kai a gwiwa, yana kuka. Ta ce ya riƙe ƙanwarsa, bakinta ne kawai, kanta fanko ne amma cikinta fari ne. Yaya ya yi dariya cikin kuka ya ɗago ya dube ni.

Ni ina zaune ina jira a zo wurin da Inna za ta fara.

"Ka wuce wannan," na ce. "Sa na Inna."

Ya daina dariya.

Na san ita ce. Ni na riƙe wayar a bakinta, na san kalmomin kafin ta faɗe su. Amma muryar, na rantse da Allah ban taɓa jin ta ba. Na lalubi muryar Inna a kaina don in gwada, na tarar da wurin a share, an shimfiɗa wani abu a kai. Can ciki, bayan kunnena na hagu, wani ya ce wa wani, matsa.

Daga tsofaffi suke farawa, kamar yadda Injiniya ya ce. Launin ɗakin da na girma a ciki ya tafi. Waƙar da take min in tana tsefe min kai ta tafi. Fuskarta yanzu sai na ɗauko hoto, in kalla kamar yadda nake kallon fasfon baƙuwa. An yi min addu'o'i, an kai ni asibiti an ɗauki hoton kan, likita ya ce lafiyata lau, in rage fushi. In rage fushi! Wani ɗan kwalisa ya sayar min da maigadin da bai san ɓarawo da mai wucewa ba, wasu da ba su san baƙar magana ba suka tare a kaina ko haya ba sa biya, wanda ya ƙi zuwa jinya yana jin muryar uwarsa yana kuka son ransa, ni da na yi jinyar aka bar ni da ƙugin baƙi, sannan a ce in rage fushi.

Yanzu tun la'asar nake rufe shago. Kalmar nan tawa kuma na yar da ita, mai surutu ya yi ta yi har ya gaji. Da almuru, in suka fara ture-turensu, sai in shiga ɗaki in kunna maganar in ƙure ƙara don in danne su. A ƙarshenta akwai inda tsohuwar ta manta ana naɗa, ta juyo ta ce, "Barkono, 'yata, kina nan?"

Ina amsawa. Ba na so a bar tsohuwar mutane tana kira ba a kula ta ba.